Libarbar da ta cije bayan harbi na huɗu: nazarin kalmasar bakin kwanso a harsashin .44 Magnum

Lamarin ya faru ne a wani filin gwajin harbi a jihar Alaska ta Amurka, amma a wani zaure da ke Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina aka warware shi. Bindigar libarba ce, wato ƙaramar bindigar hannu mai silinda, dunƙulen ƙarfe mai ramukan harsashi da ke juyawa. Mai ita injiniya ne ɗan Katsina da ya daɗe yana aikin mai a can, yana da takardar zama ta dindindin, kuma yana ɗura harsashinsa, wato yana haɗa shi, da kansa, abin da dokar ƙasar ta yarje wa mutum ya yi don amfanin kansa. Wanda ya bi diddigin matsalar kawunsa ne, tsohon mai kula da ma'ajiyar makamai da ya yi ritaya. Bai taɓa bindigar da hannunsa ba. Hotuna da lambobin awo kawai ake turo masa ta WhatsApp, shi kuma yana mayar da tambaya bayan sallar asuba, lokacin da dare ke yi a can.

A nan Najeriya wannan ba aikin gida ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin rukunin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, kuma ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen ma'ajiyar gwamnati da masana'antar sojoji, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Saboda haka masu amfana da wannan nazari a gida su ne ma'aikatan da ke duba harsashi a ma'ajiya, da malamai da ɗaliban aikin ƙarfe, don ba kasafai ake samun misalin da ya fi wannan nuna yadda ƙarfe biyu ke riƙe juna ba tare da walda ko ƙusa ba.

Abin da ya faru

Da Hausa komai harsashi muke ce masa, amma a nan sai an rarrabe. Akwai kwanso na tagulla, akwai furaima a gindinsa wadda ke tada wuta, akwai albarushi a ciki, sai ƙwayar da ke fita ta bututu. Ƙwayarsa ta dalma ce mai tauri, nauyinta giren 240, wato giram 15.6, faɗinta inci 0.430, da tsagi zagaye da ita inda bakin kwanso zai shiga. Lanƙwasa bakin kwanson cikin wannan tsagi shi muke kira kalmasa, kamar yadda maƙerin farfaru ke kalmasa bakin bokiti.

Shekaru yana harba irin wannan ɗuri a wata libarba ta baƙin ƙarfe mai nauyin kusan kilo 1.2, ba ta taɓa ba shi matsala ba. Sai ya sayi wata mara nauyi, giram 720, irin wadda mutanen yankin ke ratayawa idan za su shiga daji saboda beyar, wata babbar dabbar dajin can mai haɗari. Ranar farko ya zuba shida a silinda. Huɗu suka fita lafiya. Da ya ja kunama a karo na biyar sai ta tsaya cak, silindar ta ƙi juyawa, kuma ta ƙi buɗuwa. Da ya leƙa ta gefe sai ya ga hancin ƙwayar harsashi na biyar ya leƙo ta gaban silinda ya tokare gindin bututu.

Yadda ya kwance ta daidai ne, kuma ya kamata a faɗa: bakin bindiga na kallon inda ake harbi, yatsa a wajen kunama, ya sa ɗan siririn itace ya tura ƙwayar baya a hankali har silinda ta samu hanyar fita. Harsasan biyu da suka rage bai harba su ba. Ƙwayar da aka tura da hannu ba a san zurfin da ta tsaya ba, kuma idan ta nutse fiye da kima tana rage wa albarushi fili, matsi ya hau.

Dalilin da ƙwaya ke fitowa

Ƙwayar ba gaba take tafiya ba. Bindigar ce ke barin ta a baya. Duk manomin da ya taɓa cire ruwan fartanya daga ƙota ya san wannan: ba ya kama ruwan ya ja, ƙotar yake bugawa, ruwan ya zare da kansa. Idan aka yi harbi, bindiga na zabura baya, silinda ta ja kwanson da ke sauran ramuka ta leɓen gindinsa, ita kuwa ƙwaya mai nauyi tana son zama inda take. Abin da ke tilasta mata bin kwanson shi ne riƙon da tagulla ta yi mata. Idan riƙon ya gaza sai ta ɗan zame, kuma kowane harbi yana ƙara mata.

Ana iya ƙiyasta ƙarfin da lissafi mai sauƙi. Iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai a Amurka ta tsayar wa .44 Magnum shi ne fam 36,000 a kan kowane murabba'in inci. Idan aka ninka da filin gindin ƙwayar a murabba'in inci, ƙarfin da ke tura bindiga baya a ƙololuwar matsi ya kai kwatankwacin nauyin kilo 2,370. Rabon da ke faɗa wa ƙwayar da ke ramin maƙwabtaka shi ne wannan adadi a ninka da nauyin ƙwaya, a raba da nauyin bindiga. A bindigar kilo 1.2 ana samun kimanin kilo 31. A ta giram 720 ana samun kimanin kilo 51. Hannun mai harbi da gogayyar ƙwaya a cikin bututu suna rage adadin, kuma fizgar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma bambancin yana nan: harsashi ɗaya, fizga ta ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku don kawai an canja bindiga. Ɗurin nasa dama a bakin gaɓa yake tun tuni, nauyin tsohuwar bindigar ne ke rufa masa asiri.

Wannan ma shi ne ya sa harsashin libarba ke da irin kalmasarsa daban. Fistol mai ɗura kanta, irin mai cin 9mm, bakin kwanso ne ke tokare harsashi a cikin ɗaki, wato ramin da yake zama, don haka tsuke bakin kawai ake yi a bar shi a miƙe. Libarba kuwa leɓen gindi ne ke tsayar da harsashi, baki ba shi da wani aiki a nan, sai a naɗe shi cikin tsagin ƙwaya. Elmer Keith, Ba'amurke masanin bindiga, wanda gwaje-gwajensa da harsashin .44 Special suka kai ga kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fito da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, tun a ƙarshen shekarun 1920 ya tsara ƙwayarsa da tsagin kalmasa mai zurfi.

Gyara biyu da suka ƙara ɓata abin

Kafin ya tuntuɓi kowa, injiniyan ya yi abin da kusan kowa ke yi. Ya ce kalmasa ce ba ta isa ba, ya murɗa dayis, wato ƙarfe mai zare da ke naɗe bakin kwanso a injin ɗuri, ya saukar da shi rabin zagaye, ya ɗura wasu ashirin. Bakwai daga ciki suka ƙi shiga silinda sai da dannawa, biyu suka ƙi sam. Ɗan kumburi ya fito a jikinsu ƙasa kaɗan da baki, wanda yatsa ke ji kafin ido ya gani.

Sai ya sayo wani dayis na kalmasa mai zoben kabayid (wani ƙarfe mai tsananin tauri) a bakinsa, wanda ke goge jikin harsashi ya mayar da shi daidai faɗin ɗaki. Kumburi ya ɓace, duka suka riƙa faɗawa silinda sumul. A filin harbi kuwa bindigar ta sake cijewa, wannan karon bayan harbi na uku.

A nan ne ya kira gida. Amsar da ya samu ba ta shafi kalmasa ba ko kaɗan.

"Ɗana, ka bar jaki kana dukan taiki. Ɗauko guda cikin waɗanda ka goge, ka kama ƙwayar da yatsa biyu ka murɗa. Tana juyawa?"

"Tana ɗan juyawa, Kawu."

"To ajiye dayis. Ɗauko ma'auni."

Abubuwa huɗu ya sa shi ya auna: tsawon kwanso hamsin da ma'aunin tsawo na baniya, kaurin sandar da ke buɗa bakin kwanso da ma'aunin kauri na maikuromita, faɗin ƙwaya sabuwa, da faɗin ƙwayar da aka ciro daga harsashin da aka riga aka haɗa.

Abin da awo ya nuna

Tsawon kwanson ya tashi daga inci 1.268 zuwa 1.287. Ƙa'idar .44 Magnum ita ce kada ya wuce 1.285, kuma idan za a aske ana mayar da shi 1.275. Kwansonsa haɗin gambiza ne, tambarin kamfani uku a gindi, wasu ya saya an riga an harba su, wasu ya ɗura su sau goma ko fiye. Tazarar inci 0.019 tsakanin gajere da dogo kamar ba komai ba ce, ba ta kai rabin milimita ba. Amma zaren dayis guda 14 ne a kowane inci, wato zagaye ɗaya cikakke yana saukar da shi inci 0.071, rubu'in zagaye 0.018. Kenan tsakanin kwansonsa mafi gajarta da mafi tsawo akwai bambancin da ya ɗan fi rubu'in zagaye, alhali duk kalmasar gaba ɗaya ba ta cika wuce rabin zagaye ba. Dayis ba ya ganin tsagi, tsayinsa ɗaya ne kullum. Ya saita shi a kan dogon kwanso, gajerun suka riƙa fita da baki kusan a miƙe. Da ya ƙara rabin zagaye, gajerun suka samu kalmasa, dogayen kuwa bakinsu ya kai ƙasan tsagi ba sauran wurin zuwa, ƙarfin ya koma jikin kwanso ya tanƙwara shi waje. Kumburin ke nan.

Sandar buɗa baki ta auna 0.429, ƙwaya 0.430. Bambancin 0.001 kawai. Wannan shi ne tushen ciwon, kuma shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan masu ɗuri. Riƙo biyu ne ke tsare ƙwaya. Na farko shi ne damƙar da jikin kwanso ke yi mata a duk tsawon da ta nutse, kusan kashi ɗaya cikin uku na inci, saboda ramin ya fi ta ƙanƙanta kuma tagulla ta miƙe tana son komawa. Na biyu shi ne kalmasa, wadda ɗan siririn leɓe ne kawai da ya shiga tsagi. Na farkon ne ke ɗaukar mafi yawan kaya. Kalmasa mataimakiya ce, kuma duk yadda aka zurfafa ta ba za ta maye gurbin damƙar da babu ita ba. A harsashi mai bugun baya irin wannan ana son sandar ta gaza ƙwaya da 0.002 zuwa 0.003, wasu ma kan ƙara kaɗan idan ƙwayar mai tauri ce. Ya sayi wannan sanda mai kauri ne da niyya mai kyau, don kada kwanso ya matse ƙwayar dalma mai laushi da yake harbawa da sassauƙan ɗuri, sai ya manta ya bar ta a kai.

Awo na huɗu ya fallasa gyaran nan na biyu. Ƙwayar da aka ciro daga harsashin da zoben kabayid ya goge ta auna 0.428. Zoben ya matse kwanso da ƙwaya tare. Tagulla tana da tsalle, idan aka sake ta tana ɗan dawowa. Dalma ba ta dawowa, inda aka matse ta nan take zama. Sai aka tashi da kwanso da ya buɗe a kan ƙwayar da ta tsuke, ɗan riƙon da ya rage ma ya tafi. Shi ya sa take juyawa da yatsa duk da kyakkyawar kalmasa a ido. Irin wannan dayis yana aikinsa lafiya da ƙwaya mai rigar jan ƙarfe ta 0.429 da kwanso mai siririn bango. Ƙwayar dalma mai ƙiba a kwanso mai kaurin bango ce ba sa jituwa da shi. Akwai kuma asara ta biyu: ƙwayar da ta gaza faɗin bututu tana barin iskar wuta ta bi ta gefenta, ta narka dalma ta shafe cikin bututu. Da ya haska tocila ya ga shafen a farkon bututun.

Wani abu da awo bai nuna ba amma hoto ya nuna: uku daga tsofaffin kwanson suna da ƴar tsagewa a baki. Tagulla tana taurara duk lokacin da aka buɗa ta aka naɗe ta. Kwanson da ya sha ɗuri da yawa ba ya damƙa kamar sabo ko da awonsa daidai ne, kuma kalmasa mai tsanani tana gaggauta mutuwarsa.

Don a ga yadda zamewar ke tafiya, kawun ya sa shi ya ɗauki guda daga ɗurin farko, ya yi masa alama, ya auna tsawonsa bayan kowane harbi ba tare da an harba shi ba. Ya fara a 1.605. Bayan harbi ɗaya 1.612, bayan biyu 1.630, bayan uku 1.668. A nan aka tsaya, don filin da ke tsakanin hancin ƙwaya da gaban silinda inci 0.110 ne kawai. Abin lura shi ne tazarar tana ninkuwa ne, ba ƙaruwa daidai-wa-daida take ba. Da zarar leɓen ya fita daga tsagi ba sauran kalmasa, kuma duk abin da ƙwaya ta fito yana rage tsawon da kwanso ke damƙa.

Haɗarin da ba a gani

Cijewar silinda ita ce ta fito fili, kuma ga wanda ya rataya bindiga don dabbar daji ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai wanda ya fi shi muni. Albarushinsa daga cikin masu jinkirin ci ne da ake amfani da su a cikakken ɗurin Magnum, dangin H110 da 296. Irin wannan ba ya kamawa da kyau sai matsi ya taru, shi ya sa masu yin sa ke gargaɗin kada a rage shi sosai ƙasa da abin da littafi ya ce, kuma ake haɗa shi da furaima mai ƙarfi. Idan ƙwaya ba ta da riƙo, bugun furaima kaɗai na iya ture ta gaba kafin albarushin ya kama. Fili ya ƙaru, matsi ya faɗi, wuta ta yi rauni. Mafi sauƙin sakamako shi ne harbi ya riƙa bambanta, wani da ƙara wani a sanyaye, da ɓurɓushin albarushin da bai ci ba yana zuba ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso har silinda ta ƙi rufuwa. Mafi muni shi ne ƙwaya ta maƙale a cikin bututu, mai harbi bai lura ba ya aika wata a bayanta. Sanyi yana ƙara wa irin wannan albarushi nauyin kamawa, kuma Alaska ba ta rasa sanyi.

Ƴan bindigar da ke rakiyar hawan Sallah a Katsina da Daura sun san ɗan'uwan wannan a aikace, ko da ba su faɗe shi da lambobi ba: bindigar da ba a danna toshiyarta da kyau a kan albarushi ba ba ta ba da amon kirki. Da injiniyan ya tuna, ya ce lallai ya daɗe yana ganin ɓurɓushi rawaya-rawaya a kan tebur ko da tsohuwar bindigar, yana ɗauka halin albarushin ne.

Nauyin albarushin kansa an duba shi a sikeli, yana cikin iyakar littafin ɗuri, ba a taɓa samun laifi a nan ba.

Gyaran

An fara da warware duk abin da ya rage da gudumar cire ƙwaya. Ƙwayoyin da zobe ya matse an ware su don narkarwa. Tsohon kwanson an mayar da shi ga sassauƙan ɗuri, masu tsagewa aka zubar. Ya sayo sabo guda ɗari na kamfani ɗaya.

Ko sabon kwanso sai an bi da shi ta dayis ɗin matsewa tukuna, sannan a auna, don matsewa tana canja tsawo. Bayan haka aka aske duka zuwa 1.275, ba a yarda da bambancin da ya wuce 0.002 ba. Huɗu da suka gaza wannan tsawo tun daga kwali aka ajiye su gefe. Bayan aski akwai ƙaiƙayin ƙarfe a baki ciki da waje, ana share shi da murɗa ɗaya ko biyu kawai. Wanda ya zage ya fiƙe bakin kamar wuƙa ya rage naman da zai shiga tsagi. Masu ɗurin harsashin fistol da yawa ba sa aske kwanso duk rayuwarsu kuma ba abin da ke faruwa, shi ya sa ake raina wannan mataki. A kalmasar naɗi ba shi da makawa.

An canja sandar buɗa baki zuwa 0.427. Buɗin bakin kuma aka rage shi zuwa iya abin da gindin ƙwaya zai zauna a miƙe ba tare da an kankare dalma ba. A da yana buɗa shi kamar bakin kakaki, wanda ke cinye wani sashe na damƙa kuma yana gajiyar da tagulla. An tabbatar cikin bakin a bushe yake, babu maiƙo. Alamar da ake nema bayan an zaunar da ƙwaya ita ce a ga ɗan ƙugu a jikin kwanso daidai inda gindinta ya tsaya. Sababbin masu ɗuri kan tsorata da shi, alhali shi ne shaidar damƙa. An ciro guda aka auna don a tabbatar sabon matsin bai tsuke dalmar ba: 0.430, yadda ta shiga.

Sai aka raba zaunar da ƙwaya da kalmasa zuwa aiki biyu. Dayis ɗaya na iya yin duka a bugu guda, kuma da yawa suna yin hakan lafiya, amma a ƙarshen bugun ƙwaya tana kan sauka yayin da baki ya fara rufewa, sai leɓen ya kankaro dalma ya tara ta a tsagin da ya kamata shi ya shiga. Saboda haka a zagayen farko an ɗaga jikin dayis yadda ba zai taɓa baki ba, aka zaunar da ƙwaya har bakin kwanso ya kai kusa da saman tsagi, ana barin ɗan siririn layi a buɗe. Idan baki ya tsaya a ƙasan tsagi, leɓen ba shi da inda zai naɗe. Idan ya haura tsagi, zai ciji kafaɗar ƙwaya ne. Tsagin ne ke yanke tsawon harsashi, in dai bai wuce 1.610 na ƙa'ida ko tsawon silinda ba.

A zagaye na biyu an janye sandar zaunarwa sama gaba ɗaya, aka ɗaga harsashi, aka murɗa dayis da hannu har ya taɓa baki. Daga nan ake sauka da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, wato inci 0.009, ana dubawa da gilashin ƙara girma bayan kowane mataki. Duk wannan saiti an yi shi ne da harsasan gwaji biyar marasa furaima da albarushi. Abin da ake so shi ne leɓe ya lanƙwasa a zagaye ya kwanta cikin tsagi, farce ya zame daga ƙwaya zuwa kwanso ba tare da ya maƙale ba. Idan wani layi mai sheƙi ya bayyana a leɓen kamar an daka shi, an wuce. A nasa, mataki na huɗu ya yi, rabin zagaye daga taɓawa. An gwada na biyar don a ga iyaka, maikuromita ta nuna jikin kwanso ƙasa da baki ya fara ƙaruwa, aka koma na huɗu aka ɗaure zoben dayis. Kowane harsashi sai ya faɗa dukkan ramuka shida da nauyin kansa, ya kuma zubo idan aka kifa silinda.

Gudumar cire ƙwaya ta ba da wani ma'auni na kusa. Ɗurin farko bugu biyu yake fita. Sabon, tun kafin a kalmasa shi, sai da ya sha shida, bayan kalmasa tara. Ba awo ne na ƙa'ida ba, don hannu ba ya bugu iri ɗaya, amma ya isa ya nuna wane riƙo ne ke ɗauke da kayan.

Abu na ƙarshe kafin filin harbi, kawun ya dage a kansa: a koma mafi ƙarancin albarushin da littafi ya ba wannan ƙwaya, a sake hawa a hankali. Kwanso ya canja, damƙa ta ƙaru, kalmasa ta ƙaru, duk suna ɗaga matsi. Adadin da ya zauna lafiya a sakakken harsashi ba lallai ya zauna lafiya a matsattse ba.

Gwajin na shida

Dannawa da babban yatsa ko tokara hancin harsashi a gefen tebur ba sa gwada komai a nan, don suna tura ƙwaya ciki ne, ita kuwa waje take fita. Gwajin da ke da amfani shi ne wanda bindigar da kanta za ta yi. A yi wa harsashi ɗaya alama, a auna shi, a zuba shida, a harba biyar, a ciro mai alamar a auna. Sai a mayar da shi tare da sababbi biyar a maimaita, ya sha fizga goma, ninki biyu na abin da zai taɓa sha a aiki. Kuma a yi shi a bindigar da ta fi rashin nauyi cikin waɗanda za su ci harsashin.

Ya fara a 1.605. Bayan biyar 1.607, bayan goma 1.608. Wannan ɗan motsin farko leɓe ne ke zama daram a bangon tsagi, daga nan ya tsaya. An maimaita da wasu guda biyu, babu wanda ya wuce 0.004. Ɓurɓushin albarushi ya ragu ƙwarai, amon harbi ya daidaita.

Saura kwali ɗaya na ƙwayoyi masu siririn rufin jan ƙarfe da ya saya da araha, marasa tsagi. Ya tambaya ko a kalmasa su haka nan. Amsar ita ce a'a: leɓen zai yanke rufin, kuma ba tsagin da zai kama. An bar su ga sassauƙan ɗuri a tsohuwar bindiga mai nauyi, da ɗan tsuke baki kawai. Sabon kwanson kuma an zuba shi a akwati ɗaya da takarda a kai, ana jan layi duk lokacin da aka ɗura shi. Kawun ya ce idan layi ya kai biyar a sake auna tsawo, a sake gwajin na shida, kuma a sake yin sa ranar da sanyi ya sauka sosai kafin a rataya bindigar a shiga daji.